Babi na Shida: Ɗan Wasa, Darakta da Nauyin Fitowa a Mugu

A cikin dukkan matsayin da ake raba wa 'yan wasa a fim ɗin Hausa, babu wanda ya kai na mugu buƙatar gwaninta, kuma babu wanda ya kai shi jawo wa mai yin sa tsangwama bayan an kashe kyamara. Jarumin labari, wato wanda aka gina fim ɗin domin masu kallo su so shi su kuma tausaya masa, yana samun gudummawa ta ko'ina, domin marubuci ya tanadar masa daɗaɗan kalamai, mai kwalliya ya gyara shi, mawaƙi kuma ya rera waƙar da za ta ƙara masa farin jini. Shi kuwa wanda aka ba matsayin azzalumi aikinsa shi ne ya sa a ƙi shi, kuma gwargwadon ƙin da aka yi masa gwargwadon nasarar da ya samu. Wannan babi zai duba sana'ar ta fuskar irin wannan ɗan wasa, domin a nuna cewa muguntar da ake gani a fim aiki ne na haɗin gwiwa tsakaninsa da darakta, wato mai ba da umarni a wurin ɗaukar fim, amma idan aka zo biyan kuɗinta a idon jama'a, shi kaɗai ake bi bashi.

Tushen mugu a wasan Hausa

Bahaushe bai jira zuwan kyamara ba kafin ya san yadda ake kwaikwayon mugun hali. Tatsuniya ta daɗe da raba mugunta gida-gida: akwai ta Dodo, wadda ƙarfi ne da ban tsoro zalla, akwai ta Kura, wadda haɗama da wauta suka yi wa yawa, akwai ta Gizo, wadda wayo ne da yaudara har mai sauraro ya riƙa dariya alhali ya san ana cutar wani, sannan akwai ta cikin gida, inda matar uba ke gallaza wa marainiya ko mowa ke wulaƙanta bora. Tsohuwar da ke ba da tatsuniya da dare ita ce ke sauya murya daga ta wannan zuwa ta wancan, ta kumbura maƙogwaro idan Dodo zai yi magana, ta yi tsamin baki idan ta zo kan Gizo. A wasannin tashe na watan azumi yara sun saba kwaikwayon mai rowa da maƙetaci domin a yi dariya a kuma ɗauki darasi, a wasan gauta kuwa matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, su fito da halin da ba mai iya faɗa wa mai shi a gaban idonsa.

Da rubutaccen wasan kwaikwayo ya kankama, sai mugun ya koma ɗan'adam sosai, kamar Hayatu a Uwar Gulma na Mohammed Sada, mijin da shashancinsa da wulaƙancinsa suka ruguza aurensa. Daga baya rediyo da talabijin suka raini gwanaye irin su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, waɗanda suka nuna cewa ana iya riƙe hali guda shekara da shekaru ba tare da an gunduri mai kallo ba. A ɗaya ɓangaren kuma, gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos da sauran birane sun shafe gomman shekaru suna nuna finafinan Indiya, inda masu kallo suka saba da wani nau'in mugu mai ƙasaita da yaran gida da dariyar ƙeta, irin Gabbar Singh da Amjad Khan ya fito a Sholay na 1975, da Mogambo da Amrish Puri ya fito a Mr. India na 1987. Irin wannan ne 'yan kallo ke kira bos, wato babban abokin gabar jarumi wanda ba a gamawa da shi sai a ƙarshen fim.

Saboda haka, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan bidiyo na Hausa, ɗan wasa ya tarar da gado iri biyu a gabansa. Na farko shi ne mugun cikin gida, wanda makaminsa harshe ne da makirci, na biyu kuma shi ne bos na sinima, wanda makaminsa tsawa ne da bindiga. Masana'antar da daga baya aka laƙaba wa suna Kannywood ta ɗauki duka biyun, sai dai na farkon ne ya fi kama ƙasa, domin mafi yawan labaranta a kan aure da kishi da gado da zumunci suke, kamar yadda ake gani a Alhaki Kwikwiyo, wanda aka ciro daga littafin Balaraba Ramat Yakubu, inda azzalumin ba kowa ba ne illa maigidan da ya kori uwar 'ya'yansa saboda sabuwar mata.

Kayan aikin mai fitowa a mugu

Abu na farko da gogaggen ɗan wasa ke nema idan aka miƙa masa irin wannan matsayi shi ne dalilin mutumin da zai zama, domin a rayuwa da wuya a sami azzalumin da ya yarda cewa zalunci yake yi. Uwar mijin da ke hana surukarta sakat tana ganin ɗanta take karewa daga wadda ta zo raba ta da shi bayan ta sha wahalar rainonsa, kawun da ya danne gonar marayu yana ganin shi ya yi jinyar mahaifinsu don haka yana da haƙƙi, kishiyar da ta nufi wurin boka kuwa tsoron wulaƙanci da zawarci ne ke tura ta. Idan ɗan wasa ya riƙe wannan dalili a ransa, sai muguntar ta fito da nutsuwar mai ganin yana kan gaskiya, wadda ta fi zare ido tayar da hankalin mai kallo. Wannan ya yi daidai da koyarwar Konstantin Stanislavski, ɗan ƙasar Rasha da ya rayu daga 1863 zuwa 1938, wanda tsarinsa na horar da 'yan wasa ya ginu a kan gano abin da mutum yake nema a kowace fitowa da kuma yanayin da ya tsinci kansa, kuma ya shawarci mai kwaikwayon mugu da ya lalubo inda kirkinsa yake. Da yawa daga cikin 'yan wasan Hausa ba su bi ta makarantar koyon wasa ba, amma sun isa ga wannan fahimta ta hanyar lura da mutane a gidajen biki da kasuwa da zauren sulhu da kotun alƙali.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma a nan ne wasan Hausa ya fi arziki. Al'ummar da ta ɗora tarbiyyarta a kan kunya da kawaici da girmama na gaba tana gane mugun mutum ne tun daga yadda yake karya waɗannan ƙa'idoji, shi ya sa ɗan wasa zai iya nuna taɓarɓarewar hali gaba ɗaya ta hanyar ƙin durƙusawa a gaban suruki, ko amsa gaisuwa a daƙile, ko kiran sunan wanda al'ada ta hana a kira sunansa. Akwai habaici, wato maganar da ake jefa wa mutum ba tare da an ambace shi ba, akwai gatse, wato faɗin abu alhali kishiyarsa ake nufi, akwai baƙar magana da gori da tsaki da harara da taɓe baki da shewa, kuma kowannensu yana da ma'auni da lokacin da ya dace da shi. Marigayiya Saratu Gidado, wadda aka fi sani da Daso, ta yi fice ne saboda iya sarrafa waɗannan, ta yadda tana iya juya gaisuwar yau da kullum ta koma cin mutunci ta hanyar jan wasali guda ko ɗaga gira. A ɓangaren maza, Shu'aibu Lawan Kumurci da Alhassan Kwalle da Tijjani Asase sun shahara da fitowa a 'yan daba da masu taurin zuciya, inda kaurin murya da salon tafiya da karin maganar 'yan tasha suke ɗaukar kaso mafi girma na aikin.

Abu na uku shi ne iyakokin da masana'antar ke aiki a cikinsu, waɗanda sukan zama horo ga mai basira. Ƙa'ida ce sananniya cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, saboda haka mijin da ake so a nuna yana azabtar da matarsa dole ne ya yi hakan da kallo, da shirun da ya fi faɗa ciwo, da ture kwanon abincin da ta wuni tana dafawa, ko da miƙa takardar saki a gaban baƙi. Ko marin da ake gani yawanci dabarar tsayuwar kyamara ce da ƙarar da ake ɗorawa daga baya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kyamara idan ta matso kusa ba ta barin ɗan wasa ya ɓoye komai, shi ya sa wanda ya saba da dandamali, inda sai an ɗaga murya an buɗe hannu kafin na baya su gani, yakan sha wuya kafin ya koyi rage motsinsa.

Hannun darakta

Ɗan wasa ba ya ganin kansa a lokacin da yake aiki, kuma ba shi ne ke da ta cewa a kan abin da zai isa ga mai kallo ba. Darakta ne ke zaɓar inda kyamara za ta tsaya, da irin hasken da zai sauka a fuska, da ɗaukar da za a ajiye cikin waɗanda aka maimaita, sannan shi da mai tace hoto su jera fitowa bayan fitowa su ɗora kiɗa. Wani mai shirya fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna tun farkon ƙarni na 20 cewa idan aka ɗauki hoton fuska guda aka jera shi da hotuna daban-daban, masu kallo za su karanta yunwa a wani wuri, baƙin ciki a wani, alhali fuskar ba ta sauya ba. Ma'anar wannan ga mai fitowa a mugu ita ce, murmushin da ya yi da nufin nuna rauni ana iya mayar da shi na ƙeta idan aka biyo shi da hoton yaro yana kuka da kiɗa mai firgitarwa. Abin da ke tsakaninsa da darakta ke nan amana ce, domin ya miƙa fuskarsa da sunansa ga wanda zai yanke hukuncin yadda za a gan su.

Yanayin aiki a shekarun kaset da faifai ya ƙara wa wannan amana nauyi. A wancan lokacin ana ɗaukar fim cikin 'yan kwanaki saboda ƙarancin jari, sau da yawa kuma babu cikakken rubutun labari mai ɗauke da kalaman kowa, sai dai darakta ya bayyana abin da zai faru a fitowar, 'yan wasa su ƙirƙiro maganganun da bakinsu. Wannan ya ba masu kaifin harshe damar baje basirarsu, amma ya sa da yawa suna komawa ga salon da ya taɓa karɓuwa, har mugun wannan fim ya zama ba shi da bambanci da na wancan. Haka kuma ba a bin jerin labari wajen ɗauka, ana bin lokeshin ne, wato wurin da aka aro ko aka yi haya domin aikin, ta yadda duk abin da zai faru a falo guda za a ɗauke shi a yini guda, ko da a labarin shekaru ne suka raba farkonsa da ƙarshensa. Mai yiwuwa ne ɗan wasa ya yi nadamar ƙarshen fim da hantsi, ya dawo ya aikata laifin da ya jawo nadamar bayan la'asar, kuma darakta ne kaɗai ke riƙe da zaren da zai gaya masa matakin da muguntar ta kai a kowane lokaci.

Daga nan ne 'yan wasa ke bambance daraktoci. Akwai wanda zai tashi ya kwaikwayi fitowar da kansa ya ce a yi kamar yadda ya yi, wanda hakan yana saurin gama aiki amma yana mayar da kowa inuwarsa. Akwai wanda umarninsa bai wuce a ƙara zafi ba, wato a ƙara tsawa da zare ido, saboda tsoron kada mai kallo ya kasa gane wane ne mugun. Akwai kuma wanda zai zauna da ɗan wasa ya gaya masa abin da mutumin ke tsoro da abin da yake so ya samu daga wanda ke gabansa, sannan ya ƙyale shi ya nemo hanyar. A hannun irin na ukun ne ake samun azzalumin da ke magana a hankali, yana murmushi, yana ambaton Allah, mai kallo kuma yana jin tsigar jikinsa na tashi domin ya san irinsa a unguwarsu.

Akwai wata matsalar da ta fi ƙarfin darakta shi kaɗai, wato ɗaure ɗan wasa a matsayi guda. A zamanin da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata a Kano ke da babban tasiri a kan abin da za a shirya, fuskokin da ke jikin fasta su ne ke sayar da fim, kuma mai zuba kuɗi ba ya son gwaji da dukiyarsa. Wanda ya yi fice a ɗan daba sai a yi ta kiran sa ɗan daba, wadda ta iya masifa ba za a tuna da ita ba sai an zo neman kishiya ko uwar miji. Ta wata fuskar wannan rufin asiri ne, domin aiki ba ya yankewa, amma yana hana a ga iyakar basirar mutum, kuma yana ƙara manna masa halin a idon jama'a.

Abin da ke biyo bayan fim

Masu kallon finafinan Hausa sun saba kiran ɗan wasa da sunan da ya fito da shi har sunan yanka ya ɓace. Usman Baba Pategi ya rayu a matsayin Samanja har rasuwarsa a 2023, Rabilu Musa ya zama Ibro, Ɗan'azumi Baba ya koma Kamaye saboda shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, matashin da ake kira Daddy Hikima kuma an fi saninsa da Abale saboda fitowarsa a ɗan daba. Ga mai barkwanci wannan riba ce, amma ga mai fitowa a mugu yana nufin halin ma ya bi sunan, domin akwai masu ɗaukar cewa mutum ba zai iya kwaikwayon abin da babu shi a ransa ba, suna kafa hujja da cewa mugu shi ya san makwancin mugu. Tambayar ko halin fim shi ne halin gaske tana cikin waɗanda aka fi yi wa irin waɗannan 'yan wasa a hirarraki, kamar na shirin Daga Bakin Mai Ita na sashen Hausa na BBC, kuma da Daso ta rasu a watan Afrilu na 2024, abin da abokan aikinta suka fi nanatawa shi ne barkwancinta da son mutane, saɓanin matar da aka sani a fim.

Nauyin ya fi sauka a kan mata, domin a al'ummar da ake bincike a kan halin mace da na gidansu kafin aure, shaidar da fim ya yi wa 'yar wasa tana iya shiga cikin abin da dangin miji za su auna. Namiji ma bai tsira ba, tunda yana da 'ya'ya a makaranta da surukai da maƙwabta da yake haɗuwa da su a masallaci. Darakta da marubuci, waɗanda su ne suka ƙirƙiro halin suka kuma tsara yadda zai fito, suna iya ratsa kasuwa ba wanda ya gane su.

Bayan jama'a kuma akwai hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, kuma tun daga lokacin masana'antar ke kare kanta da cewa aikinta faɗakarwa ne, wato nuna mummunan hali domin a guje shi. Wannan hujja ta tilasta wa labari wata siffa, inda dole mugu ya girbi abin da ya shuka kafin a rufe fim, ko ya haukace, ko ya tsiyace, ko ya zo yana kuka yana neman gafara, kuma sau da yawa ana yin wannan juyi ne a fitowa ɗaya ko biyu, a bar ɗan wasa da aikin gamsar da mai kallo cewa zuciyar da ta bushe tun farkon labari ta narke cikin minti biyar. A 2021 hukumar ta hana shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa dalilin cewa matasa na iya koyon dabarun laifi daga gare su. Damuwar tana da tushe, musamman idan aka nuna ɗan daba da kwarjini da yaran da ke masa kirari har yara a unguwa suka fara kwaikwayon maganarsa, amma tana jefa ɗan wasa cikin tsaka mai wuya, domin idan ya yi wasan da rauni an ce bai iya ba, idan kuma ya yi shi da kyau an ce yana tallata ɓarna.

Zamanin shiri mai dogon zango

Durƙushewar kasuwar faifai, wadda satar fasaha da finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka taimaka wajen jawowa, ta tura masana'antar zuwa talabijin da YouTube, inda shiri mai dogon zango, wato labarin da ake sakinsa kashi-kashi mako bayan mako, ya zama ginshiƙin sana'ar. Wannan sauyi ya ba mai fitowa a mugu abin da fim na sa'a biyu bai taɓa ba shi ba, wato lokaci. A Kwana Casa'in na Arewa24, Sani Mu'azu ya sami sararin gina Gwamna Bawa Maikada a matsayin ɗan siyasa mai fara'a da iya lallashi wanda zaluncinsa ke tafiya ta hannun wasu, a Labarina na Aminu Saira kuwa Rabi'u Rikadawa ya fito da Baba Ɗan Audu, dattijon da son kuɗi da wayonsa ke ba da haushi da dariya a lokaci guda, wanda ke tuna wa mai kallo Gizo fiye da bos na sinima. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da rubutaccen labari da aka kammala kafin a fita ɗauka, da darakta mai haƙurin bita da 'yan wasansa.

Sai dai dogon zango yana tsawaita zaman ɗan wasa a cikin halin, kuma kafofin sada zumunta sun ba kowane mai kallo damar aika masa da zagi kai tsaye a daren da aka saki shirin. Abin da zai rage wannan nauyi yana hannun masu shirya fim kafin kowa: su ba da cikakken labari tun da wuri domin ɗan wasa ya san abin da yake amincewa da shi, su rubuta wa mugu dalili da sakamakon da hankali zai ɗauka, su riƙa juya matsayi ta yadda wanda ya fito azzalumi bana zai fito uba nagari baɗi, sannan su fito su ɗauki alhakin labarinsu idan ya jawo ce-ce-ku-ce, maimakon su bar wanda aka ga fuskarsa yana amsa tambayoyi shi kaɗai. Masana'antar da ta ce faɗakarwa take yi ba za ta iya yin ta ba sai da masu yarda a tsane su na ɗan lokaci, saboda haka kare mutuncinsu da biyan su gwargwadon wahalarsu yana cikin sharuɗɗan ingancin fim ɗin kansa.